Yadda na haɗa ɗan MP3 ɗina da rediyon tsohuwar Camry ɗin Baba ba tare da an cire shi ba

Ranar da rediyon motar ya cinye min kaset a daidai Kwanar Dangora, ranar nayi alƙawarin bazan ƙara saka kaset ɗin Baba a cikinsa ba. Zariya na nufa, karatu na tashi lafiya lau, kawai sai naji muryar ta fara ja kamar mai gyangyaɗi, sai kuma ɗif. Na gangara gefen titi na danna, kaset ɗin ya fito amma zaren na can ciki ya nannaɗe a jikin 'yar robar nan da ke jansa, na fi minti 20 da murfin biro ina lallaɓawa ina jawo shi a hankali gabana na faɗuwa, dan kaset ɗin nan babu irinsa a ko'ina, ba na kasuwa bane, Baba ne da kansa ya ɗauki tafsirin a masallacin unguwarmu wani azumi tun ina firamare, har tarinsa ana ji a ciki.

Motar Camry ce ƙirar 1999, wadda 'yan kasuwar mota ke ce ma fensir saboda siririyar fitilar bayanta, 'yar Amurka ce ta shigo ta Kwatano. Da Allah ya yi ma Baba rasuwa aka zo rabon gado nace a yi mata kuɗi a cire a rabona. Rediyon da ke cikinta shine wanda kamfani ya saka, mai kaset da CD a haɗe, kuma har yau tashoshin da ya jera a maɓallan nan guda 6 suna nan yadda ya bar su, duk sanda aka cire batir suka goge sai na zauna na mayar da su a jeren.

Kaset ɗin da ya bari sun kai 40, tafsiri da karatun Alƙur'ani da tsofaffin waƙoƙin kalangu da na goge. Bayan abin da ya faru a hanya na ɗauki kusan wata biyu ina juye su a kwamfuta, daga ramin iyafis na rediyon gida zuwa laftof da wata manhaja ta kyauta da ake kira Audacity, kuma wannan aikin babu gaggawa a cikinsa, kaset mai minti 90 sai ka zauna masa minti 90. Na gama na zuba su a memori mai giga 32 na saka a wani ɗan MP3 da bai kai akwatin ashana biyu ba. Za a ce me yasa ba waya ba, to waya kira na shigowa karatu zai katse, ga cin caji, ga shi da yawan wayoyin yanzu ma babu ramin iyafis ɗin, tun da Apple suka cire nasu a 2016 sauran suka bi. Ni abin da nake so wani abu ne da zai zauna a mota aikinsa kenan.

Sai matsala ta taso, a ina zan soka shi? Fuskar rediyon nan babu rami ko ɗaya, ba na filas ba na iyafis, bulutut kuwa ba a maganarsa. Kuma ba laifin kowa bane, lokacin da aka ƙera shi iPod ma bai fito ba, sai a 2001 ya zo.

Duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce, cire shi kawai ka saka mai allo irin na Android, har da kyamarar baya. Ƙanina ma cewa yayi "Yaya wallahi kana wahalar da kanka, ka ban motar na yini ɗaya kaga aiki." Na san gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren, amma na shiga motoci da yawa da aka yi ma haka, an yanke wayoyin asali an ɗaure da baƙin tef, allon na haske ido da daddare, in rana ta yi kuma baka ganin komai a jikinsa. Wannan na kamfanin kuwa maɓallansa manya ne, hannuna ya san inda kowanne yake ba sai na ɗauke ido daga titi ba, kuma kama tasharsa ko a dajin Falgore bai cika yankewa ba. Ballantana dai hannun Baba ne ya goge rubutun jikin maɓallin murya har ya kusa ɓacewa. Nace a'a, a nemo wata hanya.

Na farko da na gwada shine ɗan abin nan da ake sokawa a wajen laita, wanda ake ce ma modulato, ko'ina akwai shi, a Farm Centre na sayi nawa kuɗin bai taka kara ya karya ba. Shi ƙaramin gidan rediyo ne, ka haɗa MP3 da shi ta waya, ka zaɓi lamba a jikinsa, ka kai rediyon mota wannan lambar ta FM, shikenan. Mai shagon ya saita min shi a 87.5 yace nan babu kowa. Na dawo mota na yi ta murɗawa rediyo ya ƙi zuwa 87.5, na koma 88.0 nan ma tsallakewa yake, daga 87.9 sai 88.1 sai 88.3. Da farko na ɗauka lalacewa ce, ashe haka rediyon motocin Amurka yake, a can tashoshin FM duk a mara suke ƙarewa, 1 ko 3 ko 5 ko 7 ko 9, dan haka rediyon ma haka yake taka. A AM ma haka ne, su goma-goma suke tafiya mu tara-tara, shi yasa Rediyon Kano mai 729 a motar nan 730 yake nunawa, abin da nake gani tun ina yaro ban taɓa tambayar dalili ba. Masu motar da aka yi dan kasuwar Japan nasu ya fi wannan, tsofaffin rediyonsu daga 76 zuwa 90 kawai suke kamawa, kenan in ba ƙasa da 90 ka saita modulaton ba bazaka ji komai ba.

Na saita a 87.9 ya kama, na ji daɗi sosai a ranar. Amma daɗin bai kwana biyu ba. A ƙofar gida lafiya, da na shiga gari wajen Gidan Murtala zuwa titin Zoo sai shuuu ya fara, wani lokacin muryar wata tasha ta kutso a tsakiyar aya, dan Kano yanzu tashoshin FM sun cika layin, da ƙyar zaka samu fili. Ga shi ɗan abin da gangan ake yinsa mara ƙarfi saboda kar ya shiga rediyon maƙwabta, a Ingila ma sai a ƙarshen 2006 aka halatta amfani da irinsa, eriyar motata kuma tana can baya shi yana gaba a ƙasan dashbod. In a go-sulo ne wani mai irinsa ya tsaya kusa da kai a lamba ɗaya sai kaji waƙarsa a motarka. Ga waƙa mai kiɗa da ƙarfi ana iya haƙuri, amma tsohon kaset na tafsiri wanda dama da shuu ɗinsa ya zo, ka ƙara masa wani shuu ɗin, maganar malam sai ta nutse. Sati biyu na cire shi.

Na biyu shine kaset mai waya. Wannan sai da na sha yawo kafin na samu, wani dattijo mai kayan lantarki a Sabon Gari ne ya zaro min shi daga ƙasan kwali duk ƙura, yace "Alhaji rabon da a tambaye ni wannan har na manta." Siffarsa kaset sak amma babu zare a ciki, wani ɗan kai ne na maganaɗisu a daidai inda zaren ke wucewa, sai ya manne da kan rediyon ya riƙa ba shi sautin kai tsaye, rediyon ya zaci zare ne ke tafiya. Tun shekarun 1980 aka ƙirƙiro shi dan masu son jin CD a motar kaset. Gaskiya wanda ya yi tunanin nan ya yi basira, babu batir babu caji babu ruwansa da tasha.

Sautinsa ya fi na modulato nesa ba kusa ba, musamman bayan na goge kan rediyon da auduga da sifirit, abin da ya fito a jikin audugar nan ƙurar hunturu ce ta shekaru, ja wur. Na kuma gano in na kashe maɓallin Dolby muryar tafi fitowa tar, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya kyau, in ka danna ya juya sai kaji bambanci. Wata uku ina amfani da shi. Abin da ya raba mu shine juyawa, rediyon irin mai juya kaset da kansa ne in ya ƙare, to cikin kaset mai wayar akwai wasu 'yan giyoyi na roba da ke sa ƙafafun biyu su riƙa juyawa tare dan rediyon ya ɗauka zare bai ƙare ba, da zafin Afrilu ya dake su suka fara cijewa, sai rediyon ya riƙa ƙas, ƙas, yana juyawa gaba da baya duk bayan 'yan daƙiƙu, ƙarshe ya tofo shi waje. Na kwance shi na goge na mayar, ya yi kwana huɗu ya koma. Kuma ko da bai lalace ba, bel ɗin da ke cikin rediyon shekararsa sama da 20, kullum ina sa shi aiki a banza, na san wata rana zai tsinke.

Mai wayarin ɗin da Baba ke kai ma mota tun da, a wajen Ƙofar Ruwa yake, shi ya buɗe min ido. Na je ne a kan fitilar birki na ba shi labari, yayi shiru sannan yace "Ɗan Alhaji, danna CD ɗin nan mu gani." Ya nuna min ƙananan rubutu a jikin maɓallan, DISC da kibiya sama da ƙasa. Yace "Rediyon da faifai ɗaya yake ɗauka me zai yi da maɓallin canza faifai? Wannan an yi shi ne dan akwatin CD mai ɗaukar faifai 6 da ake sawa a but, ramin na nan a bayansa ba a taɓa amfani da shi ba." Wallahi shekara nawa ina kallon rubutun nan ban taɓa kawo komai ba. Yace akwai ɗan akwati da ake sokawa a ramin, yana magana da rediyon da yaren da akwatin CD ke yi, rediyon ya buɗe masa hanya, sauti ya shiga ta waya kai tsaye ba iska ba kaset. Ya kuma faɗa min wasu hanyoyin, akwai modulato da ake haɗawa a kan wayar eriya ita kanta, akwai kuma buɗe cikin rediyon a yi liƙi da dalma a jona waya a hanyar kaset, amma yace "Ni bazan sa ƙarfe mai zafi a rediyon Alhaji ba alhali ga ƙofa a buɗe."

A nan nayi kuskuren da nake so duk mai karanta wannan ya kauce masa. Ban jira an ciro rediyon an duba ba, na sa ƙanina ya yi min oda daga Chaina tare da kayansa, nace masa na Toyota mai fil 12. Sati uku ya iso, muka kwance, fulogin ya ƙi shiga. Ashe ramin Toyota iri biyu ne kuma dukkansu fil 12 ne, akwai babba na tsofaffin motoci mai 5 a layi ɗaya 7 a ɗayan, akwai ƙarami na waɗanda suka biyo baya mai 6 da 6. Nawa babban ne, na sayo ƙaramin. Shekarar mota kaɗai bata isa ba, dan motar da ta biyo ta Kwatano ba lallai rediyon da ta fito da shi ne a cikinta ba, sai ka ciro ka gani da idonka ka ɗauki hoto. Allah ya taimake ni wani maƙwabcina mai Corolla ya karɓa ya dace da tasa, na sake oda na sake jiran wani sati ukun.

Ranar haɗawa da sassafe na je kafin rana ta yi zafi, dan robar dashbod ɗin da ta sha rana shekara da shekaru bata son garaje. Na fara rubuta tashoshin Baba a takarda, FM da AM, na fitar da faifan da ke ciki. Mai wayarin ya ja birkin hannu ya sauko da giya can ƙasa dan a samu wuri, sannan ya cire kan batir na negatif da sifana mai lamba 10. Robar da ta zagaye rediyon ba noti ke riƙe da ita ba, 'yan maƙalai ne, ya naɗe bakin sukundireba da tsumma ya riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan yana bi gefe-gefe, yaronsa ya kawo hannu zai fizga yace masa "Kai, bari, wannan in ta tsage babu sabuwa." Duk da haka maƙali ɗaya ya karye, ya bushe ne kawai, amma sauran sun riƙe. Sai noti 4 masu lamba 10, rediyon ya zaro gaba ɗaya da ƙarfensa. Na leƙa bayansa da tocila, ga wayar eriya, ga fulogi biyu na wuta da sifiku, ga kuma ramin nan a gefe fes da shi ko ƙura bata shiga sosai ba. Ya soka yace ƙyas.

Bamu mayar da komai ba sai da muka gwada, wannan ma darasi ne, ya maida batir rediyon na reto a kan cinyar yaron. Na kunna na danna CD, ba komai. Na sake dannawa sai allon ya nuna faifai na 1 waƙa ta 1 lokaci ya fara ƙirgawa, alhali babu faifai ko ɗaya a motar. Na soka wayar a MP3 na danna, muryar malam ta cika motar, babu shuu ɗin tasha babu ƙas ƙas, har motsin mutane a sahu da kukan wani yaro can baya a masallacin ana ji. Mai wayarin ya tsaya da sifana a hannu yace "Ai na san wannan muryar, Allah ya jiƙan maza." Ya bi da wayar ta bayan dashbod ya fito da ita cikin ɗan aljihun da ke ƙasan rediyo, akwatin kuma ya ɗaure shi da roba a jikin ƙarfe dan kar ya riƙa ƙara a gargada. Duk aikin bai kai awa ɗaya ba, waya ko ɗaya ba a yanke ba.

Kwana biyu bayan nan wani sabon abu ya fito. Cajin MP3 ya yi ƙasa na soka shi a laita yana caji yana karatu, sai naji wani siririn fito wiii a sifiku, in na taka totur ya hau in na saki ya sauka. Na koma wajensa, yace ba lalacewa bace, ƙarar altaneta ce, tunda yanzu MP3 ɗin na haɗe da negatif ɗin mota ta hanya biyu, ta wayar caji da ta wayar sauti, to ɗan bambancin wutar da ke tsakaninsu ne ke bi ta wayar sauti ya shiga. Ya cire cajar fiton ya ɗauke nan take. Maganinsa ko dai kar ka yi caji kana ji, ko ka yi da fawa bank, ko a saka wani ɗan mariƙi a tsakiyar wayar sautin mai ƙananan taransifoma a ciki da ke raba hanyoyin biyu. Na ukun na saya, girmansa kamar ɗan yatsa, tun daga ranar ban ƙara jin fiton ba.

Sai saitin murya, wanda shi ma sai da na yi ta gwadawa. In ka ƙure muryar MP3 sauti na fashewa, in ka rage sosai kuma dole ka ƙure ta rediyo sai shuu ya taso, ni dai wajen kashi uku cikin huɗu na bar ta, na kashe duk wani ƙarin bes da ke cikin MP3 ɗin na bar rediyon ya yi aikinsa. Abu ɗaya da ya kamata a sani, in ta wayar iyafis ka haɗa maɓallan rediyo basa canza waƙa, sai ka taɓa MP3 ɗin, kuma wannan a kan titin Zariya da tirelolin nan ba abin wasa bane. Akwatin nawa yana da ramin filas da na memori, sai na samu ƙaramin filas na yi masa fomat ɗin FAT32 na buɗe folda 6, CD01 har CD06, kowace bata wuce 99 tunda allon lamba biyu kawai yake nunawa. Yanzu maɓallin DISC ɗin nan shi ke kai ni daga tafsiri zuwa karatu zuwa waƙoƙi, suna baya fitowa sai lamba amma na haddace, faifai na 1 da na 2 tafsiri, na 3 Alƙur'ani, na 4 kalangu. MP3 ɗin kuma na tafiya mai nisa ne da abin da bai shiga filas ba, kuma bana barinsa a mota in na faka a rana, batirin irin waɗannan na iya kumbura in zafi ya yi yawa.

Juma'ar da ta wuce na ɗauki Hajiya zuwa Bichi gaisuwa, na kunna mata faifai na 1 ban ce komai ba. Mun wuce Dawanau kafin tayi magana, tace "Wannan ai na shekarar da aka yi ma masallacin rufi ne, ƙaro murya." Na ƙaro. Ita ce ma ta lura da abin da ni ban lura ba, tana zaune a baya tace sifikar da ke bayan kanta ta dama tana zizara in malam ya ɗaga murya. Da muka duba takardar sifikar ce ta yage a gefe, rana ta cinye ta ta gilashin baya, da can shuu ɗin modulato da na kaset ne suka rufe ta. Irin mai tsawon nan ce inci 6 da 9, mai wayarin yace kar na sayi sabuwa mai walƙiya, zai nemo min ta asali daga motar da aka yanka a Ƙofar Ruwa, ya ce na dawo ranar Talata.